Taba a Ɗakin Matar Ɗa

'Yata ta biyu da ciwon fuka ta taso. Da an yi ruwan sama sai ƙirjinta ya kama kuka kamar ɗan kyanwa, ni kuma hankalina ya tashi. Lokacin muna zaune a gidan iyayen mijina a unguwar Kilomita Biyar, bayan Titin Koudoukou, kuma uwar mijina ce likitar gidan. Ita dai ta yanke cewa iska ce ke kama yarinya, don haka a ajiye ta a ɗakina, a saki labule, a toshe taga da tsumma. A garin da rana ke gasa mutum tun hantsi, 'yata sai ta yi mako rana ba ta taɓa jikinta ba.

To, mijina yana shan taba. Duk kasuwa an sani, amma a gida wai sirri ne, don ɗan mutunci ba ya busa hayaƙi inda mahaifinsa zai gani. A shago ba dama, tsohon na bakin ƙofa. A zaure ma haka. Wuri ɗaya ne a gidan da suruki ba zai taɓa sa ƙafa ba, wato ɗakin matar ɗansa. Nan gogan yake shigewa bayan azahar, ya turo ƙofa, ya kunna, yarinya na kwance a gefe. In ya gama ya zuba turare a kasko don wari ya ɓace. Na yi magana har bakina ya gaji. Ya ce ai kara ɗaya ne, kuma bango yake busa wa.

Ranar da numfashinta ya sarƙe na ɗauke ta a babur sai asibiti. Likitar ta sansana rigarta tun kafin ta saurari ƙirjin, ta tambaye ni da yaren Sango wa ke shan manga a gidanmu, wato taba. Da aka gwada jini kuma ta ce bitamin D ya yi mata ƙaranci, wanda jiki ke samu daga rana. Ta ce rana ba ta warkar da fuka, amma yarinya na bukatarta, hayaƙin nan kuwa dole a raba ta da shi.

Washegari da safe na shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida, kusa da inda kakanta ke jan carbi. Uwar mijina ta hau salati. Tsohon kuwa ya tambayi abin da likita ta ce. Ni da ban taɓa haɗa ido da shi ba, na durƙusa.

"Baba, hayaƙin taba ne. A ɗakina ake sha."

Ya ajiye carbin ya ce:

"Tun yana saurayi na sani. Na kau da kai ne don kada ya ji kunya."

Wallahi kamar in fasa ihu. Shekara da shekaru ɗa na ɓoye wa uban da ya riga ya sani, uban na taya shi, 'yata ce ke shaƙa.

Na kulle ɗakin, na ɗaure makulli a bakin zane. Bayan azahar mijina ya zo ya tura ƙofa, ta ƙi. Ya tsaya yana raba ido, hannu a aljihu. Tsohon bai ko ɗago kai ba.

"Fita titi ka sha, kowa ya gan ka. Ni na daɗe da gani."