Durgun Kaka da 'Ya'yan Zabi

Tun Litinin na kasa zama wuri ɗaya. Na sake wanke tukwanen da suke a wanke, na share tsakar gida har tsintsiya ta fara tono ƙasa, akurkin kaji kuwa na leƙa shi ya fi a ƙirga. Maigidana ya ce in na ci gaba a haka zai ɗaura min ƙararrawa a ƙafa, ko ya riƙa sanin inda nake.

Zancen Rahila ne ya hana ni sakat. Tana 'yar mitsitsiya mahaifiyarta, maƙwabciyata 'yar Kafanchan, ta rasu a nan Kubwa. Ubanta a lokacin yana bin manyan motoci, ba shi da inda zai ajiye ta, sai na ce a bar min ita kwana biyu. Kwana biyun nan ne ga shi har ta kusa gama sakandare. Ni na yaye ta daga fitsarin kwance, ni nake tashinta ranar Lahadi ta bi maƙwabta coci. Yanzu uban ya zauna, ya yi gini a garinsu. Ranar Litinin ya zo har gida ya durƙusa, ya ce da gurguwar Hausarsa, "Hajiya, Allah ne kawai zai biya ki. Amma yarinya ya girma, ya kamata ya san mutanensa." Ranar Asabar zai dawo ɗaukarta.

Da ya fita Rahila ta tsaya a ƙofar kicin ta ce, "Umma, ni magana ɗaya nake jira. In kin ce kar in je, ba inda za ni. Shi ke nan." Ta san ina iya faɗa, na kuma san za ta bi. Tun daga ranar nan Kaka take ta faɗo min a rai.

Kaka mahaifiyar Babanmu ce. Ta zo mana Dutsen Alhaji lokacin da ciyawa ta fi gidaje yawa, daga ƙauyensu na wajen Giwa, da ƙullin kaya ɗaya da kwando mai kaji biyu. Durgu ne, kajin nan masu gajerun ƙafafu da in suna tafiya sai ka ce a gwiwa suke yi. Mun yi musu dariya har da riƙe ciki. Kwana kaɗan kazar ta kori karen maƙwabcinmu Baba Ɗanladi har cikin ɗakinsa, dariya ta ƙare.

Durgu ba ta da girma, amma zuciya gare ta. Ba ta son kulle. Ka rufe ta, ta daina ƙwai don haushi. Dusar kanti ba ta dame ta ba, ta fi son ta tona da kanta. Yini take tana zirga-zirga, daga bayan ɗaki zuwa bakin kwata. Amma ranar da ta kwanta kan ƙwai, ko ganga ka buga mata a ka ba za ta motsa ba, duk hannun da ya matso kuwa sai ya koma da jini. Shi ya sa Kaka take sa mata ƙwan zabi. Ƙwan zabi ya fi na kaza daɗewa kafin ya fashe, kazar banza sai ta gaji ta tashi. Durgu ba ta tashi.

Bayan sallar isha, in an ɗauke wuta, Kaka takan hura murhunta a bayan kicin ta jera masara. Yaran gidan hayar duka mu kewaye ta. Ni ce kullum matsalarta, don gindina ba ya ɗumama tabarma. Zabuwa take kirana. Ita ba ta buɗe tatsuniya irin ta kowa. Sai ta ce, "Ga wata baƙuwa a ƙofa, wa zai ba ta wuri?" Mu ce, "Ta shigo mu ji ta!"

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta Durgu. Wai zabuwa ce ta zuba ƙwai a daji, ta kasa kwanciya a kai, ko ganye ya motsa sai ta zabura. Ta bi tsuntsaye tana roƙo. Agwagwa ta ce nata ma sun ishe ta. Babbar kaza ta ce ɓawon ya cika tauri. Durgu ta ce, kawo. Ta kwanta har ta rame, kaji suna wucewa suna mata habaici. Da suka ƙyanƙyashe ta yi ta yawo da su, ta yi dambe da shirwa a kansu har ta bar gashin wuyanta a wurin.

Sai wata yamma yaran suka buɗe fiffike, fir, suka hau danga. Durgu ta yi tsalle ta faɗo, ta sake ta faɗo. Kurege yana kallo, ya ce mata, "Yau danga, gobe tsamiya, jibi daji. In sun sauko sun yi barci, ki fige musu gashin fiffike. Har abada suna gindinki." Da suka yi barci Durgu ta lallaɓa wajen autansu, ta kama gashin da baki.

A nan Kaka takan tsaya juya masara. Da gangan take yi, na rantse. Ni kuwa na riga na miƙe tsaye ina dira ƙafa.

"Kaka, ta fige?"

"Zabuwa, zauna, ko in kai labarin gidan Baba Ɗanladi."

Sai na zauna da rabin gindi, sannan ta ce, "Ta saki. Ta tuna muzuru. Ɗan zabon da ba ya tashi a ƙasa zai kwana, ƙasa kuwa ta muzuru ce." Washegari suka hau tsamiya. Tun daga nan, in ji Kaka, in zabi suka hango shirwa daga sama sai su ɓarke da kururuwa, don gajeruwar da ke ƙasa ta samu ta ɓuya.

Labarin bai taɓa gamsar da ni ba. Na ce, "To sun dawo?"

"Wasu sun dawo, wasu ba su dawo ba."

"Ai kuwa ta yi asara!"

Ta ɓare masara ta miƙo min mai zafin, ta ce, "Wa ya ce miki don su dawo ta kwanta?"

Wata damina abin ya faru a gabanmu. Zabin da durgun Kaka ta ƙyanƙyashe suka fara hawa katanga, Baba ya fito da almakashi ya ce a datse musu fiffike kamar yadda kowa yake yi. Kaka ta karɓi almakashin ta cusa a ƙarƙashin tabarmarta ta zauna a kai. Kafin lokacin girbi ya zo, rabinsu sun bi duwatsun bayan unguwa, ba a sake ganinsu ba. Baba ya yi ta mita. Abin da ban manta ba shi ne kazar. Kullum magariba sai ta je gindin mangwaro tana kai da kawo, tana irin kiran da take wa 'yan tsaki in ta tono abinci. Kaka tana zaune tana kallonta, tuwonta yana hucewa a kwano.

Da na girma na gane Kaka ta yi mana ƙwange a labarin nan. Ta faɗa mana Durgu ta saki gashin, ba ta taɓa faɗa mana yadda ta kwana ba. Ina jin haushinta a kan wannan, Allah ya jiƙanta. Da ta faɗa, da na shirya.

Jiya da yamma na kira Rahila bakin akurki. Kajin da ke ciki duk jikokin na kwandon Kaka ne, duk gidan da muka koma da su nake tafiya. Na kamo wata budurwar durgu na danƙa mata.

"Wannan taki ce. In kin isa kar ki kulle ta, ba ta so. In ta kwanta kuma ki janye hannunki."

Ta dube ni, idonta ya ciko. "Umma, kin gaji da ni ne?"

Wallahi maganar tana bakina. Kalma uku ce, kar ki je, har na ji ɗanɗanonta. Na haɗiye na ce, "Na gaji da cin da kike min. Je ki ga kakarki tun tana da rai, ki san 'yan'uwanki. Ƙofar nan kuma ba ta da kwaɗo."

Ta daɗe tana shafa bayan kazar. Can ta ce, "Kullum zan kira ki. In kin ƙi shan maganin hawan jininki zan sani, daga muryarki nake ganewa."

Ta shiga ciki haɗa kaya, na ji ƙarar zif ɗin jaka. Na rasa inda zan sa kaina, sai na durƙusa na zura hannu in gyara wa tsohuwar durguna ciyawa, tana kwance kan ƙwan zabi. Ta kafta min sara a yatsa. Na tsotse jinin, na jawo kujera 'yar tsugunno na zauna kusa da ita, mu biyu, har aka kira magariba.