Habu da Turken Saniyar Aro

Shekara goma sha huɗu ke nan da rasuwar ƙanena Habu, kuma har yau ban ga wanda ya gaje shi ba a kan tambayar da nake ganin ita ce mafi girma da aka taɓa yi a garin Dutse: yaya za a tabbatar saniyar nan ita ce saniyar nan? Masana falsafa sun ƙarar da tawada mai yawa a kan irin wannan tambaya. Habu a gaban kwamfuta ya amsa ta, a wani ɗan ɗaki na ofishin kula da dabbobi, fanka na kuka a bisa kansa.

Ni tarihi na koyar har na yi ritaya, don haka abin da na sani na sana'arsa a kan tabarma na tsince shi, bayan la'asar. Da aka ƙirƙiro jiha aka kwaso ma'aikata daga Kano, Habu na cikin 'yan tsirarun da suka iya rubuta manhaja. Shekarun farko wasiƙun manya ya yi ta bugawa, don a wurinsu kwamfuta tafireta ce mai tsada. Sai a shekarun da aka ƙaddamar da shari'a aka ba shi aikin gaske. Satar shanu ta dami mutane, hukuncinta kuma ya daina zama abin wasa. Aka ce a maƙala wa shanu lamba a kunne, a shigar da kowace a kwamfuta, in an kawo ta kasuwa a duba. Wadda kwamfuta ta ce ba ta sani ba, wanda ya jawo ta zai yi bayani a gaban alƙali.

Ga yadda ya fahimtar da ni aikin. Da farko akwai ƙa'idar da za ta ce saniyar da ke tsaye da wadda aka shigar ɗaya ce, kuma lambar kunne ya zaɓa. Amma kwamfuta ba ta bin dubban shanu ɗaya bayan ɗaya. Tana lissafa wata gajeriyar lamba daga bayanin saniya, lambar ta gaya mata inda za ta leƙa. 'Yan sana'ar suna ce mata hash, shi kuma a gida lambar turke yake ce mata. Shanu biyu su haɗu a turke ɗaya ba laifi, a duba kunne a bambance. Amma in saniya ɗaya ta samu turke biyu, to ta ɓata, ko da tana gabanka tana tuƙa.

Daga sunan makiyayi da ƙauyensa Habu ya lissafa lambar turken. Yana da wasu ƙananan manhajoji da ya rubuta, ba su da aiki sai yi wa babbar tambayoyi su ga ko za ta amsa daidai. Shaidu yake kiransu, da yake zamanin kowa ya zama masanin shaida, har masu shayi. Duk shaidunsa suka ce aiki ya yi kyau.

Sai muka je suna a rugar Kawu, wan mahaifiyarmu, bayan Jahun. Muna zaune aka jawo wata jar karsana aka danƙa igiyarta ga wani mutum daga wajen Garki, wanda cuta ta cinye masa garke. Al'adar Fulani ce: zai riƙe ta har ta haihu, 'ya'yan su zama nasa, uwar ta dawo gida.

Habu ya ajiye ludayi. “Kawu, yanzu ta wane ne ke nan?”

“Kai ɗan boko, don ta kwana a Garki sai ta manta ni? Tawa ce mana. Turke kawai ta sake.”

Habu bai ƙarasa furarsa ba, shi da ba ya ragi. Washegari ya rubuta sabon shaida: a shigar da saniya, a sauya mata makiyayi, a nemo ta. Kwamfuta ta ce ba ta taɓa jin labarinta ba. Lambar kunne tana nan, amma sabon suna ya ba da sabon turke, aka leƙa can aka tarar babu kowa.

Gyaran ba wuya: a lissafa turke daga lambar kunne kaɗai, wadda ba ta sauyawa. Wahalar ita ce duk shanun da aka riga aka shigar sai an sake ɗaure su, ga bikin ƙaddamarwa ya ƙarato, har an yi maganar rumfa da kujeru. Darakta, mutumin kirki wanda kawai ba ya son a kira shi daga sama, ya ce, “Haba Malam Habu! Shanu nawa ake arawa a duniya? Cire gwajin nan mu yi biki, a gyara daga baya.”

“Ranka ya daɗe, in na sallami shaida kuskuren yana nan. Kuma wanda za a fara kamawa shi ne wanda garkensa ya mutu aka tausaya masa.”

Aka ɗage biki. Kwas ɗin da aka yi wa Habu alkawari aka ba wani, kuma a kan kujerarsa ta da ajali ya same shi, babu ƙarin girma. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba, sai dai ya kan ce ƙauyawa ne suka koya masa kwamfuta.

Na kan tambayi kaina me zai ce da ya ga Dutsen yau, inda kowane saurayi ke rataye da jakar kwamfuta, kuma wayar mai sayar da rake ta fi injin ofishinsu ƙarfi. 'Yarsa Zainabu, wadda ta bi sawunsa, ta gaya mini yanzu akwai manhajar da ke yin wannan gwaji da kanta kafin ka kurɓi shayi. Ina jin zai yaba, sannan ya tambaya ko an taɓa kai ta wajen suna a ruga. Domin inji yana gwada abin da ka tuna ne. Wanda bai san ana aron saniya ba, ba zai rubuta mata shaida ba. Duk sa'ad da na ji an ce wa tsoho a layin rajista “Baba, ba ka ciki,” alhali ga shi tsaye da ransa, sai in ce a raina wani ya ɗaure shi a turken da ke motsi.

Abin da ya rage na Habu ba gini ba ne, ba kuma titi mai sunansa ba. Mutum ne da ya kama kuskuren kansa da hannunsa, ya ƙi ɓoye shi a ranar da ɓoyewar ta fi sauƙi, saboda wani baƙo da ya gani sau ɗaya riƙe da igiya. Na koyar da tarihin sarakuna da mayaƙa, amma ɗan'uwana ne misalin da nake bayarwa in yara sun tambaye ni ma'anar amana. Allah ya jiƙansa, ya haskaka makwancinsa.

Manhajar Habu ta fito babu aibi ko ɗaya. Ba ta taɓa duba saniya ba, don ba a kai wa kasuwar shanun wutar lantarki ba.