Usur ɗin Baba Yakubu

Duk wanda ya san kakana, Baba Yakubu, ya san usur ɗinsa. Da shi yake kwana, da shi yake tashi, rataye a wuya da igiyar takalmi. Ko ranar Lahadi ya sa kwat zai tafi coci, kana ganin tudunsa a ƙarƙashin riga. Tun yana saurayi ya yi aikin reluwe a Kafanchan, a inda titin mota ya ƙetare layin dogo, kuma da ya yi ritaya ya dawo ƙauyenmu da usur ɗin da wata magana da ba ya gajiya da faɗa: "Jirgi da girmansa sai ya yi kuka kafin ya taka mutum. Ni wane ne da zan taka wani ban yi kuka ba?"

Yana da bindigar toka da ya gada daga babansa. Kowace Asabar sai ya shimfiɗa buhu a gindin mangwaro ya goge ta da man keken ɗinkin kakata, Mama Saraya, tana faɗa yana gogewa. Dokarsa ɗaya ce: ba ya taɓa kunamar bindiga sai ya busa usur.

Birai ne suka fara cin moriyar dokar. Idan suka sauko daga dutse suka shiga masara, sai Baba ya durƙusa, ya saita, ya cika kumatu ya busa. Kafin ya mayar da ido kan bindiga, gona ta zama wayam.

Mama Saraya ta ce, "Yakubu, gadin masara kake yi, ko rafali ne kai? Biran nan sun gane ka. Da sun ji usur sai kowa ya ƙara ɗaukar guda ya tafi."

Ya ce, "Amma sun tafi ko ba su tafi ba?"

"Sun tafi da abincinmu."

"To, sun tafi."

Da zaman lafiya ya fara lalacewa, ana satar shanu ana ɗaukar mutane, samarin ƙauye suka kafa banga. Baba ya ce shi ma yana ciki. Shugabansu Danladi ya roƙe shi ya riƙa barin usur a gida, don wanda ke fakon ɓarawo ba ya sanar da shi. Baba ya ce sai dai su bar shi a gida tare da usur ɗin. Wata safiya suna zagaya gonakin citta, sai suka ga ciyawa na motsi, wani baƙin abu ya duƙa a ciki.

Danladi ya raɗa masa, "Baba, harba. Harba kafin ya tashi."

Baba ya busa usur. Sai ga Malam Buba, Bafulatanin da rugarsu ke bayan rafi, abokin Baba tun kafin a haifi iyayenmu, ya miƙe riƙe da mazagin wando. Neman maraƙinsa ya fito, ciki ya murɗa masa.

Ya ce, "Haba Yakubu, yanzu ko tsugunno mutum zai yi sai an busa masa?"

Baba bai yi dariya ba. Ya juya ya dubi Danladi ya ce, "Da yanzu ka sa na kashe mai kawo min nono." Daga ranar ba wanda ya sake maganar usur a cikin 'yan banga.

Kawuna Ishaya, da ke zaune a Sabon Tasha a Kaduna, ya taɓa zuwa da mota musamman don ya kwashe tsofaffin. Baba ya fito ya zagaya motar, ya sa aka buɗe masa but, wurin kaya na baya, ya leƙa ciki a tsanake.

"Gidan ba zai shiga nan ba," in ji shi. "Kabarin babana ma ba zai shiga ba."

"Baba, mutanen nan manyan bindigogi suke riƙewa. Taka sau ɗaya take magana, sai ka zauna ɗura albarushi."

"Sau ɗaya ya isa, in mutum ya san abin da zai faɗa."

Kawu ya koma Kaduna da buhun citta da doya a inda ya tanadar wa iyayensa.

Ranar da abin ya faru ina gida hutun jami'a. Ranar kasuwa ce, maza duk sun fita, wasu kasuwa wasu gona, rana tsaka. Ina zaune a gindin mangwaro da littafi, Mama Saraya tana tankaɗen acca a ƙofar kicin. Babura biyu suka tsaya a bakin gida, mutanen da ke kai fuskokinsu a rufe. Ɗaya ya shigo kai tsaye, bindiga a kafaɗa, ya kama wuyan hannuna ya fara jana zuwa waje.

Sai na ga Baba a ƙofar ɗakinsa, daga shi sai zani, bindiga a saite. Mutumin bai gan shi ba, ya ba shi baya.

Mama Saraya ta ce ƙasa ƙasa, "Yakubu, bar usur. Don Allah yau bar usur."

Ya busa. Ban taɓa jin ya ja shi da tsawo haka ba. Sannan ya ce, "Sake yarinyar ka fita."

Mutumin ya sake ni, amma ba don ya fita ba. Ya juyo yana ɗaga bindigarsa. Baba ya harba, mutumin ya faɗi kusa da turmi. Na waje suka yi harbi sama, amma usur ya riga ya isa gonaki. Mutane suka fara kwararowa da ihu, har da 'ya'yan Malam Buba daga bayan rafi. Masu baburan suka gudu.

Da aka buɗe fuskar gawar, saurayi ne, da ƙyar in ya girme ni. Wasu suka so jan sa zuwa titi. Baba ya hana. Ya shiga ɗaki ya ɗauko kwat ɗinsa na coci ya rufe shi, ya ce, "Wannan ma wata ce ta haife shi."

Da kansa ya kai bindigarsa ta toka ofishin 'yan sanda, Malam Buba ya raka shi. Babban ɗan sandan ya tambaya, "Baba, ka gargaɗe shi kafin ka harba?"

Malam Buba ya ce, "Ranka ya daɗe, har shanuna sun ji gargaɗin."

Aka yi bincike, aka sallame shi. Ya dawo gida, amma ya daɗe abinci bai yi masa daɗi ba. Wata rana na daure na tambaye shi ko yana da-na-sani. Malama yake kirana, saboda littattafai.

Ya ce, "Malama, in ya dawo ya sake kama hannunki, zan sake harbinsa. Abin da ke damuna shi ne na busa masa bai ji ba. Da ya fita, da yanzu yana gida yana cin tuwon uwarsa."

Tun daga nan, duk addu'ar safe sai ya saka uwar yaron nan, wadda ko sunanta ba mu sani ba.

Da daminar bara ya rasu, a kan gadonsa, a gidan da ya ƙi shiga but. Usur ɗin yanzu yana wuyan Mama Saraya. Ta ce wai don kada ya ɓata ne, amma rannan na ji ta tana busa wa birai.

Ubangiji ya ba Baba Yakubu hutawa. Ya ta'azantar da matar da yake yi wa addu'a, a duk inda take. Ya kawo mana zaman da tsoho ba zai sake tsayawa a ƙofar ɗakinsa da bindiga ba. Amin.