Daga Wuya Zuwa Sama

Maigidana, Allah ya jiƙansa, tela ne a Wunti, kuma tun da nake ban ga mutumin da ya iya ciniki kamarsa ba. Mai manja in ta hango shi tafe sai ta rufe kwanonta ta ce ya ƙare. Shi kuwa yana alfahari da haka, cewa yake a duniya babu abin da ba a ragewa. Da wannan baiwa tasa ya yi mana cinikin lafiyar gida, a ƙarshen zamanin Turawa, ina goye da 'yata ta biyu.

A lokacin mai sana'ar hannu ba kuɗin magani yake tsoro ba, kwanciya yake tsoro. Ranar da ƙafar tela ba ta taka keke ba, ranar ba a ɗora tukunya a gidansa. Shi ya sa telolin layinmu, Hausawa da Yarbawa da wasu Kiristoci daga wajen Dass, suka haɗa ƙungiya. Kowa yana zuba sisi duk mako. Wanda ciwo ya kayar sai su kai shi asibiti, su aika wa iyalinsa hatsi, su raba ɗinkin da ke hannunsa a tsakaninsu don kada masu kaya su gudu. Wani Bayarabe maƙwabcinmu, mijin matar da nake sayen sabulu a wurinta, shi ke tara kuɗin. Ya tako har zaurenmu don ya jawo Malam, wato maigidan nawa, cikin ƙungiyar, ni kuma ina bayan ƙofa ina tankaɗe, kunnena a buɗe.

Malam ya saurare shi tsaf, sannan ya ce, "To in shekara ta ƙare ban yi ciwo ba, za ku mayar mini da kuɗina?"

Bayaraben ya ce, "A'a Malam, kuɗi ya tafi wajen wanda ya kwanta. Kai ka samu lafiya, ka gode Allah."

"Wato ni in yi gumi, wani ya sha daɗin kwanciya. Lafiyar da Allah ya ba ni kyauta ita zan riƙa saye a hannunka duk mako?"

Haka aka sallami bawan Allah, ko ruwa ba a ba shi ba. Malam ya shigo yana dariya, ya ce ai mu muna da namu tun kaka da kakanni, wato wanzamin gida. Kuma gaskiyarsa ce. Kowane gida yana da wanzaminsa na gado, ba a biyansa kullum, sai da kaka a kai masa dami biyu na dawa. Shi kuma duk shekara aski nasa ne, ƙaho nasa ne, kaciyar yara da sakiyar kumburi duk nasa ne, ko yaushe aka kira shi zai zo. Tsari mai kyau, da an bar shi yadda aka gada. Amma mu ba mu noma, sai an sayi dawar, kuma kalmar saye ita ce ke tayar wa Malam da ciwon kai.

Aka kira wanzamin, wani tsoho mai sanyin magana wanda ya yi wa Malam ɗin kansa askin suna. Suka zauna tun hantsi. Malam ya ce dawa ta yi tsada, zai riƙa ɗinka masa riga ɗaya a shekara. Tsoho ya ce riga ba ta kai dami biyu ba. Malam ya kawo zumunci, ya kawo kakanni, ya kawo halin da gari ke ciki. Da tsohon ya gaji, sai ya ce, "To ɗana, na yarda. Amma riga ɗaya, daga wuya zuwa sama. Aski, ƙahon ƙeya, hakin wuyan yara, haƙori. Abin da ya sauka ƙasa da wuya, wannan cinikinsa daban."

Malam ya shigo yana shafa gemu kamar wanda ya sayi doki da kuɗin kaza. Ya ce duk wani ciwo daga kai yake farawa, in an tsare kai an gama. Na ce, "Malam, da kai kake taka keken?" Ya ce mata ba su san ciniki ba. Na ci gaba da tuƙa tuwona.

Aka ɗauki lokaci lafiya lau. Duk sanda ya ga teloli suna miƙa sisinsu sai ya yi musu sannu da sadaka. Kansa kuwa kullum ƙwal, yana sheƙi, babu wanda ya kai shi a layin.

Da daminar shekarar da aka ba da mulkin kai, kurkunu ya fito masa, a idon sawun dama da gwiwar hagu. Ga aiki ya yi yawa, an kawo ɗinkin kayan 'yan makaranta na bikin da ake shiri, yadi jibge a shago. Ƙafafu suka kumbura, zazzaɓi ya rufe shi. Ranar Juma'a tsohon ya zo da zabirarsa kamar kullum, ya jiƙa kai, ya aske shi tas. Malam ya yaye zane ya nuna masa ƙafa. Tsoho ya duba ya ce, "Assha. Wannan sai an yi sakiya, a bi tsutsar a hankali da tsinke. Sule biyu da zakara." Malam, yana rawar sanyi, haƙora na haɗuwa, ya ce, "Baba, sule ɗaya, babu zakara."

Tsoho ya naɗe zabirarsa ya tafi. Na roƙi Malam har da kuka. Na ce zakarana ne, a ɗauka. Ya ce in ya biya yau, gobe tsohon zai raina shi. Tsutsa ce fa kawai, shi da ke aiki da zare da allura tun yana yaro. Ya zauna ya kama kan tsutsar yana ja, kamar mai warware lalataccen ɗinki, ta tsinke a ciki.

Ba na son tuna warin ɗakin nan. Da abin ya ci tura, Bayaraben nan da ba a ba ruwa ba shi ya kawo amalanke, shi da wani tela mutumin Dass, suka tura shi asibiti. Bayaraben ya ce da ni ta bayan ƙofa, da irin Hausarsa, "Uwargida, kada ka yi kuka. Ba ɗan ƙungiya ba ne, amma maƙwabci ne." Amalanke suka iya yi mana don Allah. Hatsin ƙungiya da rabon ɗinki kuwa na waɗanda suka zuba ne, kuma ban ga laifinsu ba. Masu yadi suka zo suka kwashe kayansu. Ranar bikin ana ta kiɗa a gari, ni ina sayar da kwanukan aurena.

Ba a yanke ƙafafun ba, amma sun sandare. Idon sawu ba ya lanƙwasuwa, gwiwa ba ta miƙewa. Da ya dawo gida aka ɗauko keken daga shago aka ajiye a tsakar gida, ya zauna a gabansa ya ɗora ƙafa, keke ya ƙi motsi. Ya daɗe yana kallonsa. Ban taɓa jin haushin mutum da tausayinsa a lokaci ɗaya kamar ranar ba.

Na sauke goyo, na jawo kujera kusa da tasa, na zura ƙafata a ƙarƙashin keken. Ya ce, "Me za ki yi?" Na ce, "Riƙe yadinka." Ni na taka, shi ya bi da ɗinki. Da farko muna ta karya allura, yana cewa na cika sauri, ina cewa shi ya cika magana. Da haka muka ciyar da yaran nan har suka girma, kafaɗata na gugar tasa, ɗinki yana fita da sunansa.

A ƙarshe dai ya samu mai arahar da yake nema. Ba sisi, ba dami, ba ranar hutu. Yanzu gwiwoyina ne ke ciwo, likita ya tambaye ni wane aiki na yi da ƙuruciya, na ce masa aure.