Ƙahon da Ba a Ƙarasa Ba

A shekarun casa'in ina ɗinki a bakin kasuwar Maigatari lokacin da yatsuna suka fara yi min gardama. Da safe su sandare, gaɓoɓi su kumbura, riƙe almakashi ya gagare ni sai rana ta ɗaga. Kowa ya ce sanyin ƙashi ne, maganinsa kuma a wajenmu sananne ne: a yi ƙaho a zuƙe mataccen jini.

Wanzamin gidanmu tsoho ne, abokin mahaifina, shi ya yi min askin suna. Ya zo shago, na tuɓe riga na ba shi baya. Shiru, ban ji aska ba. Ashe ya tsaya duba wasu tabbai baƙi-baƙi da suka fito min a damtse, alhali ban bugu da komai ba.

Ya ce, "Ɗana, buɗe bakinka." Ya ga dasashina yana tsattsafo da jini. "Kai, ni dai jikina bai ba ni ba."

Ni kuwa akwai zuciya, ga Sallah ta matso, ga ɗinkin mutane jibge. Na ce, "Baba, in hannu ne ya fara rawa, faɗa min in nemi wani."

Ya zaro aska daga zabirarsa. Ya yi min 'yar tsaga guda a kafaɗa, ya ajiye askar ya zuba ido. Jini ya ƙi tsayawa. Ya danne da auduga ta jiƙe, ya yagi ƙyallen shaddar wani ya ɗora, shi ma ya jiƙe. Nan tsoro ya kama ni sosai. Tsohon nan ya bar zabirarsa a shagona, muka shiga motar Gumel, babban yatsansa na kan tsagar har asibiti.

Bayan gwaji likita ya yi mana bayani. A cikin jini akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu toshe rauni, nawa sun kusa ƙarewa. Garkuwar jikina ce ta rikice, tana yaƙar gaɓoɓina, tana kuma cinye ƙwayoyin nan. Ya dubi bayana ya ce da an cika shi da tsaga yadda aka saba, da wuya in iso da raina.

Na kwanta na sha magani, ɗinkin Sallah ya wuce ni, amma yatsuna sun dawo bakin aikinsu. Na gode wa likitan, Allah ya saka masa. Tsohon kuwa ban san ta inda zan fara gode masa ba.

Har ya rasu bai ƙara ɗora min aska ba. Duk Juma'a zai zo shago, ya ɗauki almakashina na ɗinki, ya rage min gashi a hankali yana mita wai na ɓata masa sana'a.