Likitan da Ya Sauko da Mu daga Dutse

Ranar Talata, sha huɗu ga Janairu, aka kira ni daga asibiti cewa an ɗage awon idon ɗana Leandro. Da na tambayi dalili, aka ce Likita Amadeo Trujillo ya rasu, zuciyarsa ce ta tsaya. Na zauna da waya a hannu har wake ya ƙone a tukunya.

Likita, kai ka yi wa Leandro aiki a Albuquerque lokacin da tantanin gani na bayan idonsa ya ɓalle. Ka sa masa kumfar iska a ciki don ta danne tantanin, ka ce kada ya shiga jirgin sama. Muka kama hanyar gida, Truchas, can saman duwatsu. A wurinmu wannan ba hawa ba ne, komawa gida ne. Kafin mu isa yana ta amai, idon ya yi tauri kamar tsakuwa.

Da na kira ka, ba ka yi faɗa ba. Ka ce, "Mama Eufemia, ku juya motar yanzu. Iskar kumbura take yi idan aka yi sama. Ni na hana jirgi, ashe ke a sararin samaniya kike kwana."

Da muka sauko, ka rage iskar da allura, ka ba shi ƙwayoyi da maganin ɗigawa, ka sauke mu gidan ƙanwarka har kumfar ta sace. Daga baya matsin cikin idon, mai sa shi tauri, ya sake hawa, ka gano maganin kumburi da ka ba shi ne ya jawo, ka canza shi. Ka ga ina fama da ƙananan rubutun kwalabe, don sai da na girma na koyi karatu. Ba ka kunyata ni ba, ka ce in bi launin murfi: rawaya da safe, kore-shuɗi kafin barci.

Idon yana gani, amma matsin bai zauna ba har yau. Na gaji, Likita. Sabon likita zai auna shi mako mai zuwa, kuma abu na farko da zan gaya masa shi ne inda gidanmu yake.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka kamar yadda ka tsare wa ɗana haskensa. Matarka Ofelia da 'ya'yanku, Allah ya ba su haƙuri, mu ma ya ba mu.

Eufemia Baca, Truchas