Kafaffiya Ta Bar Kujerarta

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, tara ga wata, ina ofis ina shirin tafiya, mijinki ya kira ni. Bai tsawaita ba: "Uwar ɗakinka ta cika."

Shekaru na yi ina zama a bayanki a tarukan ƙasashe kan makamashi, ke a kujerar gaba, ni da na'urar fassara a kunne. Abokan aiki suka sa miki suna Kafaffiya, domin in kika zauna ba kya tashi. Wakilai su fita shan shayi, su fita cin abinci, ke kina nan da ɗan matashinki mai shuɗiyar riga a bayan ƙugu. Sallah kaɗai ke tashinki, ita ma sai kin dasa ni a gurbinki. Na taɓa tsokanarki, na ce ko da ƙusa aka haɗa ki da kujerar. Kika ce, "Ƙanena, a irin ɗakin nan ba da hujja ake kayar da mutum ba. Jira ake ya fita, a goge masa layi."

Layin da kike karewa guda ne: a yarjejeniyar wutar hasken rana, a fara haɗa ƙananan asibitocin karkara kafin masana'antu. Kin taɓa ganin ungozoma tana karɓar haihuwa da fitilar waya a baki, kuma abin bai bar ranki ba. An lallaɓa ki, an yi miki barazana, an kawo tayin babban muƙami. Kika yi kunnen uwar shegu. Amma in an tashi, ke ce mai tambayar wakilin da kuka wuni kuna ja-in-ja da shi yaya jikin mahaifiyarsa.

Zaman ƙarshe mako mai zuwa ne, kuma na san akwai masu ganin yanzu hanya ta buɗe musu. Ina kewarki, ina kuma jin tsoro.

Da na je gaisuwa, mijinki ya shiga ciki ya fito da matashin. "Ta ce a ba ka," in ji shi. "Wai bayanka ba shi da ƙwari."

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki kamar yadda kika nema wa wasu haske. Ya ba mijinki da 'ya'yanki da ƙannenki haƙurin wannan rashi.

Matashin yana cikin jakata. Su je su sha shayinsu, za su dawo su same ni a zaune.